Laifin da Na Ɗora wa Mangwaro

Duk wanda ya tambaye ku abin da ya ci mangwaron tsakar gidanmu na unguwar Luggere a Jimeta, amsa ɗaya kuke bayarwa, wai itacen ne ya tare wa Baba sama, da aka sare shi sai na'ura ta kama aiki. Na ji Bello ya faɗa wa surukansa haka, na ji Hauwa ta faɗa wa 'ya'yanta. Ba ku yi ƙarya ba, abin da na koya muku ne kuke maimaitawa. Ni ne na yi ƙaryar, na kuma yi ta a kan mahaifiyarku, wadda kuke kira Dada, shekara biyar ke nan tana ɗauke da ita ba ta sani ba. Wannan rubutu na yi shi ne don in kwance abin da na ƙulla, kuma ina roƙon ku karanta har ƙarshe kafin wani ya ɗauki waya ya kira ni.

Shekara talatin da biyar na yi ina aikin safiyo, wato awon ƙasa. Daga duwatsun kudu har bakin Binuwai babu inda ban ja sarƙar awo ba, kuma duk tsawon shekarun nan ba a taɓa dawo mini da takarda an ce lambata ta kauce ba. Wannan gaskiya ne, amma na yarda na cika faɗinsa. Dadarku takan ce ko gishiri aka ce in miƙo sai na ambaci shekarun da na yi a safiyo. Da na yi ritaya sai zama ya ishe ni. Na gyara ƙofar da ba ta lalace ba, na auna tsakar gida sau uku, har na fara shiga kicin ina ba da shawara a kan yadda ya kamata a jera tukwane. A nan ne ta kira Bello a waya ta ce ya nema wa ubansa abin yi tun kafin ta tattara ta koma gidansu a Yola. Bello ya tuna yadda nake ba ku labarin taurarin da muke kama arewa da su a daji, sai ya aiko mini da madubin hangen taurari, da kyamararsa, da ƙafar da ke juya shi da kanta. Ranar da aka sauke kayan mutanen layi suka taru, wani ya ce ai wannan igwa ce, sunan kuwa ya bi ta har yau. Saboda haka idan ana rabon laifi, Dadarku ce ta yi wayar. Iyakar kasonta ke nan, sauran duka nawa ne.

Dole in yi muku bayanin yadda abin yake aiki, in ba haka ba ba za ku ga girman wautar ba. Yawancin abubuwan da ake ɗauka hoto a sama ido ba ya ganinsu, don haka ba ka iya saita igwa da hannu ka ce ga shi can. Akwai wata manhaja a kwamfuta da ke yin wannan aiki. Kyamara ta ɗauki hoton wani ɗan yanki na sama, manhajar ta duba yadda taurarin ciki suka zauna, ta gwada da taswirar sama da ke cikinta, sai ta ce maka ga inda igwarka take kallo, daga nan ta juya ta zuwa inda kake so. Aikin safiyo ne sak, yadda muke tsayawa a daji mu hango tudu uku da muka sani mu gane inda muke. Sai dai sama tana da faɗi, kwamfutata kuwa tsohuwa ce da Hauwa ta gaji da ita ta ba ni. Don kada ta wuni tana lalube, ana faɗa wa manhajar inda gidanka yake a doron ƙasa, da lambobi biyu, ita kuma ta yi hasashen yankin da za ta duba. Akwai kuma inda za ka faɗa mata faɗin da za ta bincika idan hasashen ya ɗan kauce. Masu abin sun bar shi da faɗi saboda mutanen da ba su san awo ba. Ni na ƙuntata shi zuwa digiri ɗaya, domin a ganina faɗaɗa shi zagi ne ga mutum irina.

Na zuba turken siminti a tsakar gida, irin wanda muke kafawa a kan iyaka, na ɗora igwa a kai. Kwana biyu na yi ina auna turken nan, na rubuta lambobinsa a littafina da jan biro, na zuba su a kwamfuta. Bayan sallar isha'i na kira Dadarku da maƙwabcinmu Bitrus su zo su ga ikon Allah. Ku kun san Bitrus, amma jikoki ba su san shekara ashirin ya yi yana zana taswirar duk abin da na auno ba, teburinsa yana kallon nawa. Na danna. Hoto ya fito tas, taurari kamar an watsa gero a tabarma. Manhaja ta yi ta juya wani ɗan zobe, ta yi ta juyawa, sannan ta rubuta da jan rubutu cewa ta kasa gane wurin. Na sake dannawa, ta sake kasawa. Dadarku ta tambayi abin da rubutun ya ce, na ce wai ba ta san inda take ba.

"To ka gaya mata Luggere ne mana," in ji ta, ta ɗauki butarta ta shige ɗaki.

Wata biyu na yi ina fama. Babu abin da ban zarga ba. Na zargi igiyar da ke haɗa kyamara da kwamfuta, na shiga kasuwar Jimeta na sayo uku, mai shago ya rantse mini kowace ta fi ta baya. Na zargi idon madubin, na yi ta murɗa shi har yatsana ya yi kanta. Na zargi taswirar sama, na goge ta na sake sauko da ita, datar wata guda ta ƙone a yini ɗaya. Na ɗauki tef na auna tsawon bututun igwa don in tabbatar masu ƙera ta ba su yi ƙarya a takarda ba. Na zargi agogon kwamfuta, na daidaita shi da rediyo. Daga nan na waiwayo kan maƙwabta. Na ce ƙwan lantarkin ƙofar Bitrus ne ke kashe wa kyamara ido, bawan Allah ya kifa masa tsohon bokiti, matarsa ta yi tuntuɓe a zaure sau biyu, ta daina amsa gaisuwata da kyau. A duk Jimeta ni kaɗai ne ke hamdala idan an ɗauke wuta. Layi ya ɗauki salati, yara su fito da mafici, ni kuwa in fito da murna ina tafa hannu, in danna, jan rubutu ya sake fitowa.

Bello ya sa ni a wani zaure na intanet inda masu irin wannan ciwo suke taruwa daga ƙasashe daban-daban. Na rubuta musu matsalata. Na farko ya ce in faɗaɗa binciken in bar kwamfuta ta ɗauki lokacinta. Na ce na gode, ban yi ba. Na biyu ya ce in duba ko na sa wurin da nake daidai. Wannan na rubuta masa doguwar amsa, na faro daga shekarar da aka ɗauke ni aiki, na bi da shi ta duk dazuzzukan da na auna, bai sake magana ba. Amma don in cika hujja na buɗe littafina na bi lambobin ɗaya bayan ɗaya, na ga ko ɗigo bai ɓata ba. Na yi haka ya fi sau ashirin a watannin nan, kullum daidai suke. Sai wani na uku, wanda ban san ƙasarsa ba, Allah ya yafe mana ni da shi, ya tambaya ko akwai itatuwa kusa da ni, domin ganye yakan shiga gefen hoto ya rufe taurari ya rikita lissafi. Na ɗaga kai na ga mangwaro. A cikin shawarwari ukun nan ita kaɗai ce ba ta nuna ni da yatsa ba, ita kuwa na runguma.

Ku da kuka hau shi kun san mangwaron nan, amma ba ku san farkonsa ba. Shekarar da muka tare a gidan, babu komai a tsakar gida sai yashi da ragowar bulo. Dadarku ta je lambun mahaifinta a gefen tafkin Njuwa ta dawo da shi a cikin gwangwanin madara, bai kai tsawon hannu ba. Da ruwan wanke-wanke da ruwan alwala ta raine shi, ta yi masa shinge da ƙaya saboda awaki, ta taɓa zane Bello a kansa. Da ya girma sai ya zama ɗakinta na gaskiya. A ƙarƙashinsa take dama fura, a nan take karatunta bayan azahar, a nan matan layi suke zuwa su zauna su warware auren da ya rikice su rikita wanda ya zauna. Kun san zafin garin nan idan bazara ta kama, yadda ƙarfen ƙofa yake ƙona hannu. Tsakar gidanmu kaɗai ake iya zama da rana a layin. Mahaifin nata ya rasu, an raba lambun an sayar, itacen nan shi ne abin da ya rage mata daga can. Duk na san wannan lokacin da na fara yi masa kallon abokin gaba.

Ban fito mata da maganar kai tsaye ba. Na fara da cewa saiwarsa za ta fasa katanga. Ta ce shekara talatin bai fasa ba. Na ce yana tara jemagu. Ta ce jemagu ba su taɓa cin abincin kowa ba. Na ce reshe zai iya faɗo wa jika a ka. Ta dube ni ta ce in faɗi abin da ke bakina. Da na faɗa, ta ce a'a, ta kuma ce a'a washegari, da jibi. Ni kuma na shiga abin da na iya, wato bayani. Na zana mata tsakar gida a ƙasa da tsinke, na nuna mata kason saman da itacen ya cinye, na kawo mata maganar masana na ƙasashen waje, alhali mutum ɗaya ne kuma tambaya ya yi. Na daina cin abinci da daɗi, ina zama ina ajiyar zuciya inda za ta ji. Bitrus ya ja ni gefe ya ce in kwance igwar mu kai ta filin Njuwa, inda babu ko ciyawa mai tsawo, in ta yi aiki a can sai a san itacen ne. Shawara ce ta mai hankali, ba ta kuma wuce aikin yamma ɗaya ba. Na ce masa ba na tsige abin da na kafa a kan turke aunanne in kai shi inda ba a auna ba.

"Oga," in ji shi, "siminti ana sake zuba shi gobe. Wannan itace shekara talatin ne fa."

Na ce masa aikinsa zane ne, awo nawa ne. 

A ƙarshe, wata ranar Laraba da safe, ina tsakiyar bayani karo na ban san nawa ba, ta ajiye ludayi ta ce, "Gidanka ne, Malam." Duk namijin da ya yi aure ya san wannan ba izini ba ne. Ni ma na sani. Na yi kamar ban sani ba, na aika a kira masu inji. Ranar da za su zo ta yi sammako ta tafi Yola wurin yayarta, ta ce ba za ta iya tsayawa ta gani ba. Itacen yana ɗauke da 'ya'ya a lokacin, ɗanyu, saura 'yan makonni su nuna. Da ya faɗi sai tsakar gida ta cika da su, yaran layi suna kwasa a riga. Ba zan ɓoye muku ba, da inji ya yi shiru rana ta sauko mini a ka, gabana ya faɗi. Amma na dubi sama na gan ta a buɗe daga katanga zuwa katanga, na ce wa kaina ilimi sai da sadaukarwa. Da ta dawo da yamma ba ta dubi kututturen ba, ta zagaye shi ta shiga ɗaki.

Da duhu ya yi na danna. Zobe ya juya, ya juya, jan rubutu ya fito.

Na danna sau goma sha. Na juya igwa gabas, na juya ta yamma, na miƙe ta tsaye. Sama fes, taurari kamar ka miƙa hannu ka ɗiba, manhaja ta ce ba ta san inda take ba.  Da safe Dadarku ba ta tambaye ni ba, ni ma ban ce komai ba. Da Bitrus ya leƙo ta katanga na ce masa ina jiran iska ta kwanta. Haka na yi ta ƙirƙiro dalili har aka ga watan azumi.

Azumin shekarar a tsakiyar bazara ya faɗo, kuma shi ne na farko da muka yi babu inuwa. Matan layi suka daina zuwa. Dadarku ta koma yin aikinta a lungun bayan kicin, tana bin 'yar inuwar katanga tana matsar da kujera. Magana tsakaninmu ba ta wuce ga ruwa, ga abinci. Ni kuwa don in nuna kayan nan suna da wani amfani, sai na fito da kwamfuta baranda da yamma, domin manhajar tana nuna lokacin faɗuwar rana har da daƙiƙa. Ranar farko ina kallon allo, saura kwata guda rana ta faɗi, sai na ji ladan ya ɗauki kiran salla. Na ce kowa ya dakata, ladan ya yi gaggawa. Dadarku ta dube ni, ta yi bisimilla ta kai dabino baki. Ni na zauna ga kunu yana tururi a gabana, maƙogwarona kamar an zuba toka, na cika kwatan nan cif. Rana ta biyu ma haka. A ta uku na tari liman bayan salla na ce masa, cikin ladabi, akwai alamar ana sa jama'a shan ruwa da sauran rana. Ya saurare ni har na gama, ya ce su dai rana suke kallo, ba su san ta akwatina ba, kuma jinkirta buɗe-baki ba ƙarin lada ba ne. Na dawo gida ina tausaya wa unguwa.

A rana ta huɗu ne Hauwa ta kira daga Kano. Kun san al'adar uwarku da ita a azumi, in Dada ta sha ruwa sai ta kira Hauwa tana tsokanarta, mu mun sha, ku kuna nan kuna haɗiyar yawu, domin rana takan riga faɗuwa a nan. Ranar Hauwa ce ta riga kira, aka sa wayar a bayyane suna hira, Dadarku ta riga ta ci ƙosai uku. Ni ina gefe ina ƙirga daƙiƙa. Lokacina ya cika, na ɗaga kofi na kai baki, ban kai ga ajiye shi ba sai ga kiran salla yana fitowa daga cikin wayar, Hauwa tana cewa Dada bari in je, an kira. Dadarku ta dubi wayar, ta dubi kofina, ta dubi kwamfuta.

"Malam," ta ce, "wannan abin naka azumin Kano yake yi."

Na ajiye kofin. Na ja kwamfuta na buɗe inda ake sa lambobin wuri, a karo na farko na karanta ƙananan rubutun da ke saman akwatunan biyu maimakon lambobin da ke ciki. Akwati na farko na arewa ne, na biyu na gabas. Mu kuwa a safiyo gabas muke fara rubutawa sannan arewa. Haka aka koya mana, haka na koya wa duk wanda ya yi aiki a ƙarƙashina, na sha mayar wa yara takarda a kan haka. Hannuna ya zuba lambobin yadda ya saba, ta gabas a gidan arewa, ta arewa a gidan gabas. Da a wata ƙasa nake, da juyin ya jefa ni cikin teku na gane tun ranar farko. Amma garin nan tara da ɗoriya yake ta arewa, goma sha biyu da ɗoriya ta gabas, in ka juya su ba ka ma fita Nijeriya ba. Na duba taswira, na ga wata uku ke nan igwata tana zaune a gonar wani bawan Allah tsakanin Ringim da Gumel. Kuskuren ya fi digiri uku, ni kuma na hana manhaja duba fiye da ɗaya.

Na ce mata ƙaramin abu ne, agogo ne ya ɗan zame. Bayan asham na gyara lambobin na danna, kafin in gyara zama ta rubuta da koren rubutu cewa ta gane, igwa ta yi ƙara ta juya da kanta. Sai na yi abin da mai safiyo yake yi, na gwada hujja. Na juya ta zuwa yankin yamma, inda na fara gwadawa a daren farko, inda ko ganye ɗaya na mangwaro bai taɓa kaiwa ba. Nan take ta gane. Na zauna a kan kututturen, domin shi ne abin zama mafi kusa. Ƙarar igwa ta fito da Dadarku. Ta tsaya a bayana ta ga hoton da ke taruwa a allo, wani gajimaren haske mai ja da ban taɓa ganin irinsa ba, ita ma haka. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce a hankali ashe ya yi aiki. A nan ne ya kamata in faɗa. Bakina ya buɗe, abin da ya fito shi ne, "Ai na faɗa miki."

Bitrus ya gane, ba sai an gaya masa ba. Ya ji labarin azumin Kano daga matarsa, ya zo ya tsaya a kaina ya dubi akwatunan nan biyu, ya ce, "Oga, gabas ka fara sa." Ba tambaya ba ce. Na ce ya rufa mini asiri. Ya ce shi ba zai faɗa ba, amma kada in kira shi shaida, ya je ya cire bokitin daga kan ƙwan ƙofarsa.

Sauran kun gani da idonku. Ranar salla kun zo dukanku da 'ya'yanku, na jera hotuna a allo ana ta mamaki, ina ta bayani. Ana cikin haka Dadarku ta gyara mayafi ta ce tana da magana. Ta ce ta yi wa mahaifinku gardama a kan abin da ba ta da saninsa, ta ɗaure masa fuska wata guda saboda itace, ga shi kowa ya ga gaskiyarsa, tana so a gabanku ta nemi gafara don ku koya. Kun tuna abin da na yi. Na gyara zaman hula na ce babu komai, Allah ya yafe mana baki ɗaya. Har Bello ya ce a yi koyi da haƙurin Baba. Na ci naman salla ranar kamar ina tauna tsumma, amma na ci.

Na yi mata rumfar kwano a inda itacen yake. Kun san rumfar kwano a watan bazara, gara rana. Na dasa wani mangwaron, awaki suka cinye, na sake dasawa, yanzu ya kai kafaɗata, likita kuwa bai ba ni tabbacin zan sha inuwarsa ba. Na ɗauki hotuna masu kyau a shekarun nan, wasu har mutanen zauren nan sun yaba, amma ban taɓa ganin koren rubutun nan raina bai ɓaci ba. Sau da yawa na shirya maganar, in zo bakin rumfa in ga tana fifita, sai in tambaye ta ko an kawo ruwa.

Makon jiya 'yar Hauwa ta ga tsohon hotonku a kan reshe, ta tambayi kakarta ina itacen ya tafi. Ina daga ɗaki ina ji. Dadarku ta ce itacen ne ya hana aikin kakanki, ita kuma da jahilcinta ta so ta hana a sare, ta ce yarinya ta riƙe wannan, in mai ilimi ya yi magana a saurara. Da yarinyar ta fita na fito na zauna a tabarmarta, abin da ban saba ba, na faɗa mata duka, tun daga akwatunan biyu har yankin yamma. Ban yi zane a ƙasa ba. Ta ci gaba da tsince shinkafa har na gama, ta kuma ci gaba bayan na gama. Na zaci kuka za ta yi, ko ta ce a kira mata mota zuwa Yola. Sai ta tambaye ni ko ranar sallar nan na riga na sani. Na ce na sani.

"Na roƙe ka gafara," ta ce. "A gaban yara."

Na ce haka ne.

"To ka dawo mini da haƙurina. A inda na ba ka."

Na ce kun warwatsu, wani Kano, wani Legas, tara ku sai wata sallar. Ta ce ai na iya rubutu, tunda na rubuta wa baƙon intanet tarihin shekara talatin da biyar. Ga shi na rubuta. Hauwa, Bello, Nana, uwarku ce mai gaskiya, tun daren farko, ni ne na sare mata itacen mahaifinta a banza, na karɓi haƙurin da ni ya kamata in bayar. Ina neman gafararta a gabanku. Na tambaye ta jiya ko ta yafe, ta ce tukuna, sai kowannenku ya kira ta ya ce ya karanta.